LIKITA BA SHI DA LAFIYA: YA JE AIKI KO YA KWANTA?

 A wannan mako ina so mu duba wata magana wadda ta shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu masu aikin likita, ta kuma shafi duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a gadon asibiti.

Akwai wani yabo da mukan yi wa ma'aikaci. Ana jinsa a wurin bikin sallama da wurin jana'iza, har ma a lokacin ba da shaida a majami'a. Sai a ce wane mutum ne mai himma, shekara kaza yana aiki bai taɓa fashi ba, ko zazzaɓi yake yi sai ya ɗaure ya fita. Jama'a su tafa. Idan manomi ake nufi ko magini, to, yabon ya dace, gama jikinsa kaɗai ya wahalar. Amma idan likita ne wanda zai shiga ɗakin jarirai yana tari yana atishawa, ya kamata mu dakata da tafin tukuna, mu tambaya wa zai biya kuɗin wannan himma.

SU WANE NE MASU NEMAN ƘWAREWA?

Waɗanda maganar ta fi shafa su ne likitoci masu neman ƙwarewa. Mun saba jin sunansu a rediyo duk lokacin da suka shiga yajin aiki, amma da yawanmu ba mu san matsayinsu ba. Bayan ɗalibi ya gama shekara 6 a makarantar koyon likitanci, ya yi shekara guda ta horo a asibiti, ya yi bautar ƙasa, to, ya zama cikakken likita. Idan kuwa yana so ya ƙware a fanni guda, alal misali tiyata, ko ciwon yara, ko haihuwa, sai ya sake shiga wani horo na shekaru da dama a babban asibiti, yana aiki a ƙarƙashin ƙwararrun likitoci, yana kuma rubuta jarrabawa mataki mataki. Idan ka kai mara lafiya asibitin koyarwa na Shika ko na Jos ko na Kano da ƙarfe biyu na dare, galibi irin wannan likita ne za ka tarar. Shi ke kwana a asibiti, shi ake tasa idan numfashin wani ya sarƙe, da safe kuma shi zai tsaya ya yi wa babban likita bayanin kowane gado.

Wato ma'aikaci ne, kuma ɗalibi ne. Wanda yake ba shi umarni a wurin aiki, shi ne kuma zai sa hannu a takardarsa kafin ya shiga jarrabawa. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A ƙasar Amurka an yi ta auna wannan ɗabi'a, likitocin da kansu suka ba da amsa. A 2010 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa likitoci masu neman ƙwarewa 537 a asibitoci 12. Kusan kashi 58 cikin 100 sun ce sun je aiki ba su da lafiya aƙalla sau ɗaya a shekarar da ta gabata, kusan kashi 31 kuwa sun yi haka fiye da sau ɗaya. Fiye da rabinsu sun ce ba su sami lokacin da za su ga likita domin kansu ba. Ka ji fa, mutum yana kwana a cikin asibiti, likitoci kewaye da shi, amma ya rasa lokacin ganin likita.

A 2012 aka buga wani binciken, inda aka tambayi masu neman ƙwarewa 150 a jihar Ilinoi. Kashi 51 sun ce sun yi aiki suna fama da alamun mura mai zazzaɓi. Da aka tambaye su dalili, kashi 57 suka ce nauyin abokan aiki ne, kashi 56 suka ce nauyin marasa lafiya. Kashi 12 ne suka ce suna tsoron a ɗauke su raggaye.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2015, wanda aka yi a babban asibitin yara na birnin Filadelfiya. A can ba ƙananan likitoci aka tambaya ba, manyansu ne da ƙwararrun ma'aikatan jinya, fiye da mutum 500. Kashi 95 sun yarda cewa zuwa aiki da ciwo yana jefa marasa lafiya cikin haɗari. Duk da haka kashi 83 sun ce sun yi hakan a cikin shekarar. Kashi 30 sun ce za su je aiki ko da suna gudawa, kashi 16 ko da suna zazzaɓi. Kusan dukansu sun ce ba sa son su bar abokan aikinsu cikin wahala, kashi 64 kuma suna tsoron a ware su. Ashe rashin sani ba ya cikin maganar. Sun san haɗarin fiye da ni da kai, sun kuma faɗa da bakinsu. Daɗin daɗawa, ga inda ƙananan suke koyo, gama ɗan koyo ya fi bin abin da ya ga malaminsa yana yi a kan abin da ya ji yana faɗa.

Idan haka take a ƙasar da ke da likitoci birjik, mai karatu ya auna da kansa yadda za ta kasance a namu asibitocin.

MURAR DA BA TA KAI KOMAI BA

Wani zai ce, mura ce kawai, wa mura ta taɓa kashewa? Ga saurayi ɗan shekara 30 mai ƙarfi a jika, lalle kwana uku ko huɗu ta wuce. Amma mu tuna da waɗanda suke kwance a asibiti. Akwai bakwaini a cikin kwalba, wanda huhunsa bai gama ƙwari ba. Akwai yaron da yunwa ta rame shi, da mai sikila wanda ƙaramar cuta takan tayar masa da ciwo mai tsanani, da mai ciwon daji wanda maganin da ake ba shi ya kassara garkuwar jikinsa, da mai ƙanjamau, da mai wankin ƙoda, da tsohuwa mai ciwon zuciya. Asibiti shi ne wurin da aka tara mafi raunin mutanen gari a ɗaki guda, likita kuma shi ne mai bin su gado gado, yana sunkuyawa kusa da fuskar kowa. A jikin jaririn da bai cika wata ɗaya ba, zazzaɓi kaɗai abin gaggawa ne a wurin likitoci.

Mura mai zazzaɓi tana iya yaɗuwa tun kwana ɗaya kafin alamunta su bayyana, har zuwa kwana 5 ko 7, ta fi kuma kama mutane a kwanakin farko, wato daidai lokacin da mai himma yake cewa bari in daure in gani. Abin da yawanci ake yi shi ne a haɗiye farasitamol biyu a sa farar riga. Maganin yakan sauke zafin jiki, amma ba ya taɓa ƙwayar cutar, tana nan a hanci da maƙogwaro. Shi ya sa shawarar da hukumomin lafiya suka daɗe suna bayarwa ita ce, ma'aikacin asibiti mai zazzaɓi da tari kada ya koma aiki sai zazzaɓin ya sauka da kansa na aƙalla sa'a 24 ba tare da shan maganin sauke shi ba. Mai amai da gudawa kuwa, a wurare da yawa ana ce masa ya ƙara sa'a 48 bayan abin ya tsaya.

Domin kada a ce tsoratarwa ce, ga abin da ya faru a jihar Tekzas ta Amurka a 2004. Wata ma'aikaciya a ɗakin sababbin jarirai ta yi makonni tana tari tana zuwa aiki, ashe tarin shiƙa ne, wanda a jikin babba yakan yi kama da tari na yau da kullum. Jarirai 113 ta kula da su a wannan lokaci, 11 daga ciki suka kamu. A 2003 kuma, a birnin Niyok, wata nas mai tarin fuka ta yi ta aikin dare a sashen haihuwa kafin a gane ciwonta. Sai da aka shiga neman kusan mutum 1,500 da suka bi ta sashen, aka kuma tarar jarirai 4 sun ɗauki ƙwayar cutar. Babu ko ɗaya cikin matan nan da ta tashi da nufin cutar da jariri. Aiki suka je yi.

SADAUKARWA KUWA FA?

A nan ne maganar ta shafe mu a matsayin masu bi, domin mu mutane ne da aka koya wa sadaukar da kai, muna kuma da misalai masu kyau. Uba Damiyan, firist ɗan ƙasar Beljiyam, ya tafi tsibirin Molokai a 1873 domin ya zauna da kutaren da aka ware a can. Ya kamu da kuturta, ya ci gaba da hidima da ciwon a jikinsa har ya rasu a 1889. A nan gida, Dokta Jeanette Troup, likitar mishan ta SIM a Jos, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu 1970. A 2014 kuma Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamar mutumin da ya shigo da cutar Ebola Legas daga Laberiya, duk da matsin da aka yi mata. Ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta, amma tsayawar da ta yi tana cikin dalilan da suka sa cutar ta tsaya a kan mutum 20 a duk Nijeriya, 8 suka mutu.

To, a lura da inda haɗarin ya dosa a cikin labaran nan. Daga mara lafiya yake tahowa zuwa ga mai hidima, shi kuma ya tsaya ya karɓa da saninsa. Ko Uba Damiyan da ya yi aiki da ciwo, a cikin waɗanda suka riga suka kamu da ciwon ya yi. Haka ma Abafaroditas, wanda Manzo Bulus ya yaba a sura ta 2 ta wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, ransa ne ya sa a haɗari saboda aikin Almasihu, har ya yi ciwo ya kusa mutuwa. Baiko na gaskiya daga aljihun mai bayarwa yake fitowa. Likitan da ya shiga ɗakin bakwaini da zazzaɓi da tari, gaskiya ne ya wahalar da jikinsa, kuma ban raina wannan ba. Amma babban haɗarin a kan jaririn yake, wanda ba a tambaye shi ba, ba a kuma tambayi uwarsa ba. Da za a ce mata, "Mama, likitan da zai duba ɗanki yau yana zazzaɓi, kin yarda ko a kira wani?" mun san amsar da za ta bayar. Abin da ba za a iya faɗa wa uwar a fili ba, a ganina akwai matsala a cikin yinsa.

Idan muna koyar da ajin baftisma a kan dokar da ta hana kisankai, mukan bayyana cewa dokar ba ta tsaya ga mai wuƙa ba, ta haɗa har da wanda ya jefa ran maƙwabcinsa cikin haɗari ta wurin sakaci. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Maigidan bai tura kowa ba, wataƙila ma baƙunci ya kira mutum ya hau shan iska. Duk da haka Shari'a ta ɗora masa nauyi, gama ya san akwai haɗari, yana kuma da ikon tsare shi. Haka nan a Littafin Firistoci sura 13, wanda ake shakkar ciwon da ke fatarsa, firist ne yake duba shi, ya keɓe shi kwana 7, ya sake dubawa. Abin lura a nan shi ne, ba a bar mai ciwon ya yanke wa kansa hukunci ba. Likita ma mutum ne. Wanda zai ce wa mara lafiya ya je gida ya kwanta kwana uku, idan abin ya zo kansa sai ya ce ai ba komai.

Muna da misali mai zafi a ƙasarmu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a farkon Satumba 2014 ya nuna cewa wani likita a Fatakwal, wanda ya yi jinyar wani mai Ebola a otal, ya fara jin ciwo ranar 11 ga Agusta, amma ya ci gaba da duba marasa lafiya a asibitinsa har zuwa 13 ga wata, har ya yi wa aƙalla mutum biyu tiyata. An kwantar da shi ranar 16, ya rasu ranar 22. Matarsa, wadda ita ma likita ce, ta kamu, haka ma wata majinyaciya a asibitin da aka kwantar da shi, sai da aka sa ido a kan fiye da mutum 200. Ban kawo wannan domin in yi wa mamaci shari'a ba, yana hannun Ubangijinsa. Na kawo ne domin a ƙasar da ake da zazzaɓin Lassa da mashaƙo da sanƙarau, ciwo mai kisa yakan fara ne kamar zazzaɓin da muka saba da shi, a ranar farko kuwa ko likita ba zai iya rantsewa a kan wanne ne ke jikinsa ba.

IDAN BABU WANI LIKITAN FA?

Yanzu bari in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, gama na san akwai likitoci cikin masu karanta wannan shafi, za su kuma ce Malam Katekis yana magana ne daga kan bagade. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a Nijeriya kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage ma yawancinsu suna manyan birane. Sashen da ya kamata a ce mutum takwas ne ke karɓa-karɓar aikin kwana, sai a tarar uku ne. Idan ɗaya ya kwanta, wanda ya kwana jiya shi zai sake kwana yau, mai gajiya kuwa shi ma haɗari ne ga mara lafiya. Abin ya kai har a 2025 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta umarci mambobinta kada su riƙa yin aiki fiye da sa'a 24 a jere. Saboda haka idan ƙaramin likita ya ce ba ya so ya bar ɗan'uwansa cikin wahala, ba ƙarya yake yi ba, kuma wannan tunani daga zuciya mai kyau ya fito.

Mu ɗauki asibitin karkara mai likita ɗaya tal. An kawo mace da tsakar dare, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai an yi tiyata, asibiti na gaba kuma tafiyar sa'a uku ce a kan muguwar hanya. Likitan yana mura. Gaba kura, baya sayaki. A irin wannan hali ni dai ina ganin ya tashi ya tafi, ya sa takunkumi, ya wanke hannu da kyau, ya ceci matar, domin zamansa a gida kusan tabbacin mutuwarta ne. Babu wanda zai ɗora masa laifi. Amma kada a ɗauki wannan dare guda a mai da shi hujjar kowace safiya. Zagayen duba marasa lafiya na ranar Talata a asibitin koyarwa, inda akwai wasu likitoci huɗu a bayan babban likita, ba ɗaya yake da wancan ba.

Har wa yau, ciwo suna ya tara. Ciwon baya ko targaɗe ba sa kama kowa, mutum yana iya lallaɓawa ya yi aikinsa. Zazzaɓin cizon sauro ma ba ya bin numfashi, sai dai wanda jikinsa ke rawa, kansa na sarawa, bai kamata ya zauna lissafin maganin jariri mai nauyin kilo ɗaya da rabi ba, inda kuskuren ɗigo guda kan takarda zai ninka maganin sau goma. Amma zazzaɓi tare da tari, da amai da gudawa, da ƙarambau, da ciwon idon nan da muke kira afolo, da tarin da ya wuce mako biyu, waɗannan na kowa ne da zarar an shiga da su ɗakin majinyata. Tsakanin zuwa aiki da kwanciya a gida kuma akwai hanyoyi da yawa. Ana iya musanya sashe, a nisanta mai ciwon daga jarirai da masu ciwon daji, a ba shi aikin takardu, ko ya riƙa ba da shawara ta waya. Dukan waɗannan ba za su yiwu ba sai mutum ya buɗe baki ya ce ba shi da lafiya. Wanda ya shanye magani domin ya ɓoye zazzaɓinsa daga shugabansa ya rufe ƙofar kowace dabara, ya kuma ƙara ɓoye gaskiya a kan haɗarin.

NAUYIN DA KE KAN MANYA

Amma me ya sa yake ɓoyewa? Mun faɗa da fari cewa takardarsa tana hannun shugabansa. Idan a sashen nan an taɓa yi wa wani dariya don ya kwanta ciwo, ko an ce masa a zamaninmu da ruwa a hannu muke zagaya ɗaki, ko an sa shi ya biya bashin kwanakin da ya yi a kwance da ninkin aikin dare, to, duk ƙananan sun ɗauki darasi, ba kuwa wanda zai sake faɗa. Saboda haka kaso mafi girma na wannan laifi ba na ɗora shi a kan ƙaramin likita ba. Yana kan wanda ke tsara jerin aiki, da hukumar asibiti, da gwamnatin da ta bar guraben likitoci babu kowa.

A Littafin Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaune shi kaɗai yana yi wa jama'a shari'a daga safe har yamma. Bai yaba masa ba. Ya nuna masa cewa zai gajiyar da kansa, ya kuma gajiyar da jama'ar, ya ba shi shawara ya raba aikin ga amintattun mutane. Musa kuwa, da dukan girmansa, ya ji. Manzo Bulus ma, wanda babu mai kai shi ɗaukar wahala, ya faɗa a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti cewa ya bar Tarofimas a Militas domin ba shi da lafiya. Yana bukatar abokin tafiya, amma bai ja shi ba. Abafaroditas ɗin nan ma, da ya farfaɗo, gida Bulus ya mai da shi, ya kuma ce wa ikkilisiya su karɓe shi da girmamawa, domin kada wani ya ce ya kasa ne ya gudo.

Su kansu likitocin duniya sun fara gyara. A 2017, a taron da ƙungiyar likitoci ta duniya ta yi a Shikago, an sabunta alkawarin nan na Jeniba wanda sababbin likitoci suke ɗauka, aka ƙara cewa likita zai kula da lafiyar kansa domin ya iya ba da kulawa mafi inganci. A asibitocin koyarwa da yawa a Amurka kuma akwai jerin masu jiran ko-ta-kwana, wato kowace rana an san likitan da za a kira idan wani ya kwanta, ba sai mai ciwon ya bi abokansa yana roƙo ba. Na san ƙarancin ma'aikata zai sa wannan ya yi wuya a wurinmu. Amma rubuta doka a fili, cewa mai ciwo kaza da kaza kada ya shiga sashe kaza, kuma ba za a hukunta shi ba, wannan ba ya cin ko kwabo. Ajiye takunkumi da sabulu da ruwa a bakin kowane ɗaki ma bai fi ƙarfin asibitin da ke karɓar kuɗin gado ba. Asibitocin ikkilisiya, irin su na Vom da na Jos da na Galmi a Jamhuriyar Nijar, an kafa su ne da sunan Kristi, dattawanmu da fastocinmu kuma suna zaune a hukumomin gudanarwar irinsu. Ya kamata a ce daga wurinmu ne sauran za su koyi wannan.

MU MA MUNA CIKI

Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Mu da ke zaune a kan benci muna jiran likita, idan aka ce mana wanda ya saba duba mu bai zo ba yau, ba shi da lafiya, sau nawa muke cewa Allah ya ba shi sauƙi? Yawanci tsaki muke yi, mu ce ya tafi asibitinsa na kuɗi. Iyaye kuma, idan ɗanmu likita ya bugo waya muryarsa a dishe, sai mu ce ya daure, kada ya ɓata sunansa a wurin manya. Da bakinmu muke tura shi.

Sa'an nan ga ziyarar marasa lafiya, wadda aiki ce mai kyau da Ubangiji ya umarce mu. Rahoton nan na Fatakwal ya ambaci cewa 'yan ikkilisiyar likitan sun je asibiti sun yi masa addu'a, an ce har da ɗibiya masa hannu. Ƙauna ce ta kai su, amma ta sa su cikin waɗanda aka shiga nema. Ranar Lahadi da yamma mukan cika ɗakin majinyata, mu goma sha biyar a kan gado ɗaya, wani na tari, wata ta goyo yaron da ƙyanda ba ta gama sakinsa ba. Zumuntar mata ta je barka a ɗakin haihuwa, jariri ɗan kwana biyu ya zaga hannu ashirin. Duk abin da na faɗa a kan likita, ya hau kan fasto da katekis da shugabar zumunta. Wanda yake mura a cikinmu ya aika da kwanon abincinsa da gaisuwarsa, ya yi addu'arsa a gida, Ubangiji yana ji daga can. Idan nas ta tsayar da mu a bakin ƙofa ta ce mutum biyu kaɗai za su shiga, kada mu ce tana hana aikin Allah.

A ikkilisiyoyin da ke bin kalandar tsarkaka, ranar 18 ga Oktoba ita ce ta Luka mai bishara, wanda Bulus ya kira shi likita a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa, a lokacin ne kuma mukan kira ma'aikatan lafiya gaba mu yi musu addu'a. Ina roƙon shugabannin ikkilisiya, idan ranar ta zo, bayan addu'ar a zauna da su, ƙanana daban, manya daban, a tambaye su wa yake karɓar aikinsu idan sun kwanta, da abin da ya faru da na ƙarshe a sashensu da ya ce ba shi da lafiya. Amsar da aka samu, dattawan da ke cikin hukumar asibiti su tafi da ita taronsu na gaba.